Cibiyar Takardun Salamanca: Inda Ake Bin Sawun Talakan Da Yaƙin Basasar Sifaniya Ya Kwasa

A lamba 2 kan titin Gibraltar, cikin tsohon garin Salamanca, ƙasa kaɗan da babbar majami'a kuma dab da gidan tarihi na Casa Lis, akwai wani ginin dutse na ƙarni na 18 da mai wucewa ba zai waiwaya ba. Nan ne Centro Documental de la Memoria Histórica, wato CDMH a taƙaice, cibiyar da ma'aikatar al'adu ta Sifaniya ke adana takardun yaƙin basasar 1936 zuwa 1939. Shiga kyauta ne, neman takarda kyauta ne, kwafi kaɗai ake biya. Tana da wani reshe a dandalin Los Bandos, inda ake baje koli da taruka.

Ga wanda yake son sanin yadda aka tattara manomi da leburan masana'anta da malamin makaranta da matar gida aka jefa su cikin yaƙi a ɓangaren Jamhuriya, wato ɓangaren gwamnatin da sojoji suka yi wa tawaye, babu wurin da ya kai wannan. Sai dai wanda ya shiga da zaton gidan tarihi ne da aka gina domin ilimi zai karanta takardun a baibai, domin asalin wurin ɗakin bayanan sirri ne, kuma waɗanda suka tara shi sun tara ne domin su hukunta mutanen da sunayensu ke ciki.

A Salamanca Janar Franco, jagoran sojojin da suka yi tawayen, ya kafa hedikwatarsa a kaka ta 1936, a fadar bishop. A 1937 aka buɗe ofisoshi biyu, ɗaya na yaƙar kwaminisanci, ɗaya na bibiyar ƙungiyar asiri ta Freemason. Da garin Bilbao ya faɗi ranar 19 ga Yuni 1937 sai aikin ya zama tsari: tawagogi na bin bayan sojoji, da zarar an ci gari sai su faɗa ofisoshin jam'iyyu, ƙungiyoyin ƙwadago, kwamitocin unguwa, gidajen jaridu, har gidajen mutane, su rufe ƙofa, su loda takardu a buhuna a kai Salamanca. A Afrilun 1938 aka ba aikin hukuma ta kansa a ƙarƙashin Marcelino Ulibarri. Haka aka yi wa Santander da Gijón a 1937, Castellón da Vinaroz a 1938, Barcelona da Madrid da Valencia a 1939. Magatakarda suka zauna suna bin kowace takarda, duk sunan da suka gani su buga masa kati. Katunan sun kai kimanin miliyan uku. Da su aka ciyar da kotunan soja, da kotun da dokar 9 ga Fabrairu 1939 ta kafa domin hukunta mutane kan siyasarsu, da kotun musamman ta 1940 kan Freemason da kwaminisanci. Abin da magatakardan suka ga ba shi da amfani wajen kama mutum, da yawansa an narkar da shi an yi sabuwar takarda. Ba a rushe hukumar ba sai 1977, aka mayar da kayan ƙarƙashin ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a 1979, sannan a 2007 aka ba wurin sunan da yake amsawa yanzu.

Duk wanda ya taɓa aiki da fayilolin Turawan mulkin mallaka a ma'ajiyar tarihi ta Kaduna ya san irin wannan karatu: mai iko ne ya zaɓi abin da za a ajiye, kuma bukatarsa ce ta tsara shi, ba bukatar mai bincike ba.

Abin da ya kamata a riƙe a hannu kafin a fara

Yawancin binciken da ke cin tura, tun daga suna yake lalacewa. Ɗan Sifaniya yana da sunan iyali biyu, na uba sannan na uwa, kuma dole a nemo dukkansu. Mai suna José García kawai ba zai samu ba, domin katunan masu wannan suna ba su ƙirguwa. Bayan suna, a nemi shekarar haihuwa, garin haihuwa, garin da yake zaune a Yulin 1936, da sana'arsa. Garin zama ya fi komai muhimmanci, saboda shi ke nuna ɓangaren da mutum ya tsinci kansa. Mafi yawan sojojin wannan yaƙi ba su zaɓi ɓangare ba. Inda juyin mulkin soja na 17 da 18 ga Yulin 1936 ya yi nasara, kamar Galicia, Navarra, Castilla ta arewa, Sevilla da Zaragoza, saurayi ya zama sojan Franco ko da ɗan ƙungiyar ƙwadago ne. Inda ya gaza, kamar Madrid, Catalonia, Valencia da Bilbao, ya zama sojan Jamhuriya ko da kullum yana coci.

Shekarar haihuwa kuma ita ce makullin takardun soja. Ana lissafa maza tsara-tsara, kuma kowace tsara tana ɗaukar lambar shekarar da 'ya'yanta ke cika 21. Wanda aka haifa a 1915 ɗan tsarar 1936 ne, wanda aka haifa a 1920 ɗan tsarar 1941 ne. Mai bincike da ya nemi takarda da shekarar haihuwa maimakon shekarar tsara zai buɗe kwalin da bai dace ba.

Mataki na farko ba ya bukatar tafiya. Shafin PARES na ma'ajiyoyin gwamnatin Sifaniya yana da bincike mai sauƙi da mai zurfi. A mai zurfin ake zaɓar CDMH kaɗai, a rubuta suna. Katuna da yawa suna fitowa da lambar da ta fara da DNSD-SECRETARIA,FICHERO. A kwafe lambar baki ɗaya, harafi da waƙafi, domin da ita ma'aikata ke aiki. Idan bai fito ba a juya rubutun sunan: b da v suna musanya, haka g da j, h tana ɓacewa, kuma magatakardan Franco sun mayar da sunayen mutanen yankunan Catalonia da Basque, masu harsunansu na daban, zuwa Sifaniyanci, Joan ya koma Juan, Jaume ya koma Jaime. A gwada sunan uba da na uwa a juye. Shafin ba ya yafe kuskure, kuma ba kowane abin da ya fito ne ke da hoto ba. Sau da yawa bayanin takarda kawai za a gani, ita kanta tana kwali a Salamanca.

Katin kansa gajere ne ƙwarai. Suna, layi ɗaya ko biyu, misali cewa wane ɗan ƙungiyar ƙwadago ta UGT ne ko soja ne a birged kaza, sai lambar ƙunshi da shafi inda aka tsinci sunan. Nan ne kuskure mafi girma ke faruwa: mutane su karɓi kati su tsaya, alhali katin nuni ne kawai zuwa takardar asali. Magatakarda ba su tantance ba. Mutum ɗaya yana iya samun kati goma sha, kuma mutane uku masu suna iri ɗaya suna iya cakuɗuwa. Lambobin da ke kan katin ma na tsohon tsari ne, wani lokaci sai ma'aikacin wurin ya daidaita su da lambar kwalin yanzu. Wannan shi ne aikin da ma'aikatan suka fi ƙwarewa a kai, kuma shi ya sa tambaya mai cikakken bayani ta fi doguwar wasiƙa mai ba da labarin iyali.

Me ke cikin kwalayen

Zuciyar wurin ita ce sashen Político-Social, wanda aka raba bisa garin da aka kwaso takardu: PS-Madrid, PS-Barcelona, PS-Bilbao, PS-Santander, PS-Gijón, PS-Aragón, PS-Castellón da sauransu. A lura, sunan yana nufin inda aka kwace takardar, ba inda aka rubuta ta ba. Mutanen Basque sun gudu da takardunsu zuwa Santander bayan Bilbao ta faɗi, gwamnatin Jamhuriya ta tashi daga Madrid zuwa Valencia a Nuwamban 1936, ta koma Barcelona a ƙarshen Oktoban 1937. Saboda haka takardar ɗan Bilbao tana iya kasancewa a PS-Santander, ta ma'aikatar Madrid kuma a PS-Barcelona. Wanda bai san hanyar da gudun hijira ya bi ba zai ce babu, alhali akwai.

A waɗannan kwalaye ake ganin watannin farko, lokacin 'yan sa-kai. Gwamnati ta sallami sojojin rundunonin da suka yi tawaye, makamai suka faɗa hannun jam'iyyu da ƙungiyoyin ƙwadago, kowace ta kafa tata rundunar. Ga takardun shiga, ga jerin albashi. Tun Agustan 1936 ɗan sa-kai yana karɓar peseta 10 a rana, kuɗin da ya zarce ladan yini na leburan gona nesa ba kusa ba. Wannan adadi kaɗai ya isa ya sa mai karatu ya yi taka-tsantsan da cewa kowa aƙida ce ta kai shi. Akwai masu aƙida, akwai marasa aikin yi, akwai kuma wanda ya ga zama a cikin runduna ya fi masa aminci da zama a gida ana zarginsa. A jerin albashin, wurin sa hannu, sau da yawa dangwalen yatsa ne. Rashin karatu ya yi yawa har gwamnati ta kafa rundunar malamai a Janairun 1937 domin koyar da sojoji a ramukan yaƙi, kuma rahotanninsu na adadin waɗanda suka iya rubuta wasiƙar farko zuwa gida suna daga cikin takardun da suka fi daɗin karatu.

Rajistar ƙungiyoyi na bukatar irin wannan hattara. Ƙungiyoyin ƙwadago na CNT da UGT sun kumbura bayan Yulin 1936, jam'iyyar kwaminis ta tashi daga 'yan dubun-dubatar mambobi zuwa kusan dubu 250 a Maris 1937. A Catalonia doka ce ma ta wajabta wa ma'aikaci shiga ƙungiya. Ba tare da kati ba, wuya a samu aiki, wuya a wuce shingen bincike, wuya a samu takardar izinin tafiya. Don haka abin dubawa a rajista shi ne ranar shiga. Wanda ya shiga a 1931 daban, wanda ya shiga a Satumban 1936 daban. Su kansu ƙungiyoyin sun san da wannan, suna bambanta tsofaffin mambobi da sababbi. Magatakardan Salamanca ne ba su damu da bambancin ba.

Daga ƙarshen Satumban 1936 labarin ya canza. Gwamnatin Jamhuriya ta firaminista Largo Caballero ta mayar da 'yan sa-kai sojoji na sosai, aka kafa birged-birged masu haɗa rukunoni daban-daban a Oktoba, aka fara kiran tsara-tsara na dole. Ƙididdigar da masana suka fi dogara da ita ta nuna Jamhuriya ta kira tsara 28, kimanin maza miliyan 1.7, ɓangaren Franco kuma tsara 15, kimanin miliyan 1.26. 'Yan sa-kai na farkon yaƙi a kowane ɓangare ba su wuce dubu ɗari da ɗoriya ba. Ma'ana, fastocin da ke nuna matashi ya ɗaga dunƙulallen hannu yana rugawa fagen fama suna magana ne a kan tsiraru. Mafi rinjaye sanarwa suka gani a jikin bangon majalisar gari, aka ba su kwanaki kaɗan su bayyana, wasu lokuta da umarnin su zo da bargo da kwano da cokali da takalminsu saboda gwamnati ba ta da na rabawa. A 1937 aka kafa cibiyoyin ɗauka da horarwa da ake kira CRIM, kuma hatiminsu na bayyana a takardu da yawa.

A Afrilun 1938, bayan sojojin Franco sun ratsa Aragón sun isa teku sun raba ƙasar Jamhuriya biyu, aka kira tsarar 1941, yara 'yan shekara 17 da 18, waɗanda aka yi wa laƙabi da tsarar bulumboti. Horo na 'yan kwanaki aka ba su, aka tura su kogin Segre, sannan kogin Ebro, inda aka gwabza daga 25 ga Yuli zuwa tsakiyar Nuwamba. A Janairun 1939 kiran ya kai ga magidanta 'yan shekara arba'in da ɗoriya. Mai son ganin yadda ƙauye ya zama fayau, ya bi ranakun waɗannan kiraye-kiraye a jaridar gwamnati, wadda ke kyauta a shafin BOE, hukumar da ke buga jaridar, ya gwama su da koke-koken da majalisun ƙauyuka suka rubuta cewa babu mai girbi.

Jerin takardun da muka fi ba muhimmanci shi ne wanda ake kira PSET, na ofishin biyan kuɗin sojan ƙasa. Fayiloli ne na waɗanda suka mutu, suka ɓace ko suka naƙasa, da iyalansu suka buɗe domin neman fansho. A fayil ɗaya ana iya samun shaidar kwamandan runduna kan rana da wurin da abin ya faru, takardar aure ko ta zaman tare, takardun haihuwar yara, da wasiƙar uwa ko mata. A nan ake jin muryar talaka kai tsaye, duk da cewa sau da yawa wani ne ya rubuta masa. Kusa da shi akwai Serie Militar, mai ɗauke da jerin sunayen runduna, takardun asibiti, da rahotannin kwamishinonin siyasa. Rahotannin nan ba sa ɓoye-ɓoye, domin na cikin gida ne: ƙorafin rashin taba da takalmi, jinkirin albashi, hana hutu, wasiƙun gida da ke karya gwiwar soja da labarin yunwa, da masu tserewa. Tserewa ta yi yawa a ɓangarorin biyu, kuma mafi yawan masu yin ta gida suka nufa, ba sansanin abokan gaba ba. Wasu sun harbi hannunsu, wasu sun nemi aiki a masana'antar makamai ko takardar likita, wasu sun ɓuya a duwatsu. Ɓangarorin biyu sun riƙa matsa wa iyalan wanda ya gudu, kuma a Agustan 1938 gwamnatin Jamhuriya ta firaminista Negrín ta yi afuwa ga waɗanda za su dawo da kansu.

Bayan fage ma akwai kaya. Katin rabon abinci, wanda Jamhuriya ta shimfiɗa a 1937, takardun kuɗi da ƙananan garuruwa suka buga da kansu lokacin da tsabar kuɗi ta ɓace, littattafan gonakin gama-kai na Aragón, rajistar ƙungiyoyin agaji irin su Socorro Rojo da SIA, takardun ƙungiyoyin mata irin su Mujeres Libres da matan da suka karɓi aikin masana'anta da motocin haya da maza suka bari. Akwai kuma katunan yaran da aka kwashe zuwa ƙasashen waje daga arewa a 1937, da yawa da ɗan hoto manne a kusurwa. Kusan yara dubu huɗu jirgin Habana ya kai Southampton ta Ingila a watan Mayu, kimanin dubu uku suka tafi Tarayyar Sobiyet, Faransa ta karɓi mafi yawa. Tarin fastocin yaƙi ya haura dubu biyu, kuma ana iya kallonsa a intanet. Akwai hotunan mai ɗaukar hoto Kati Horna, waɗanda suka fi karkata ga kasuwa da layin abinci da 'yan gudun hijira fiye da fagen fama.

Inda cibiyar ba za ta taimaka ba

Rabin labarin ba ya nan, kuma wannan ne abin da ya fi ba baƙi mamaki. Franco bai kwace takardun nasa ɓangaren ba, don haka sojan da aka ɗauka a Galicia ko Navarra ba shi da kati a Salamanca sai in ya taɓa shiga wata ƙungiyar hagu, irin na ƙwadago ko kwaminis. Fayil ɗin ƙaramin soja ana nemansa a ma'ajiyar soja ta Guadalajara, na hafsoshi a Segovia, takardun runduna da na yaƙi na ɓangarorin biyu da na mayaƙan Falange da Requeté, ƙungiyoyin da suka mara wa Franco baya, a Ávila. Fayilolin kotun soja suna warwatse bisa yanki, na yankin tsakiya suna ma'ajiyar ma'aikatar tsaro a Madrid. Sannan kada a raina ma'ajiyar majalisar garin da mutum ya fito: a can ake samun rajistar tsara, da tsayin saurayi da faɗin ƙirjinsa, ko ya iya karatu, da uzurin da ya kawo, misali cewa shi kaɗai ne ɗan gwauruwa matalauciya.

Rayuwar bayan fage a ɓangaren Franco ma haka take. Sojansu santimo 50, wato rabin peseta, yake karɓa a hannu a rana, amma daga Janairun 1937 ana ba iyalinsa tallafi da ake tarawa daga ƙarin kashi 10 cikin ɗari a kan taba, shan shayi da giya a waje, kallon wasanni da kayan ƙawa. Akwai ranar cin abinci kala ɗaya, inda gida da gidan abinci ke miƙa kuɗin da suka rage. Akwai ƙungiyar agaji ta Auxilio Social, wadda Mercedes Sanz-Bachiller ta fara a Valladolid a Oktoban 1936, da hidimar wata shida da aka ɗora wa mata 'yan shekara 17 zuwa 35 daga Oktoban 1937. Kuɗinsu bai zube kamar na Jamhuriya ba, kuma yankunan alkama da dabbobi suna hannunsu, shi ya sa santimo 50 da cikakken ciki ya riƙe soja fiye da peseta 10 da ba ta sayen komai a 1938. Mai neman waɗannan takardu ya nufi babbar ma'ajiyar gwamnati ta Alcalá de Henares da ma'ajiyoyin larduna.

Haka nan sojojin Maroko, kimanin dubu 80, Musulmi daga arewacin ƙasar, waɗanda fari da yunwa da alkawarin albashi suka tura hannun masu ɗauka ta hanyar shugabannin ƙabilu. Franco ya buɗe musu asibitoci na daban, ya ɗauki nauyin jirgin alhazai a 1937, kuma har yau akwai maƙabartunsu a wurare irin su Griñón kusa da Madrid da Barcia a Asturias. Salamanca ba ta da abin kirki a kansu sai abin da farfagandar Jamhuriya ta faɗa, wanda cike yake da ƙyama. Takardunsu na ma'ajiyoyin soja, ciki har da na Ceuta da Melilla, da sashen Afirka na Alcalá, kuma neman mutum ɗaya a cikinsu yana da wuya saboda an fi rubuta su da lamba da sunan da aka rubuta yadda kunne ya ji.

Akwai gada ɗaya tsakanin ɓangarorin da cibiyar ke riƙe da ita. Tun Maris 1937 sojojin Franco ke tace fursunonin yaƙi zuwa rukuni A, B, C da D. Wanda ya samu takardar shaida daga limamin cocin garinsu, ko kwamandan jandarmomin Guardia Civil, ko shugaban Falange, yana shiga rukunin A, a sa masa sabon kaki a mayar da shi fagen fama a ɗaya ɓangaren. Waɗanda ake shakka a kansu sai bataliyoyin aikin tilas. Jerin sunayen wata-wata na sansanoni da bataliyoyin, waɗanda kotun binciken kuɗi ta ƙasa ta ajiye domin lissafin abinci, yanzu suna CDMH. Da su ake gane dalilin da mutum ɗaya zai bayyana a rundunoni biyu masu gaba da juna. Bayan yaƙin ma an sake tace 'yan tsarar 1936 zuwa 1941, aka sa da yawansu maimaita aikin soja, don haka yaron da aka ɗauka a 1938 yana iya kaiwa tsakiyar shekarun 1940 bai cire kaki ba.

Wani giɓin kuma na kwanan nan ne. Bayan doguwar takaddama, dokar 2005 ta ba da umarnin mayar wa Catalonia takardunta, aka fitar da kwalaye 500 na farko a Janairun 2006. Asalinsu yanzu yana ma'ajiyar Catalonia a Sant Cugat del Vallès, kwafi ya rage a Salamanca. Ga mai karatu wannan ba asara ba ce sosai, amma mai son taɓa takardar asali ya tambaya tukuna.

Ɗakin karatu, kwafi da baje koli

Fasfo ya isa a yi rajista, ba a neman wasiƙar jami'a. Jaka da riga mai kauri suna zama a akwatin ajiya, fensir da kwamfuta ke shiga, biro ba ya shiga. Ana neman kwali da lambarsa, ana kawo su kaɗan-kaɗan, kuma abin da aka riga aka ɗauka a na'ura a allo ake nuna shi. Takardar lokacin yaƙi mara kyau ce, siririya, yawanci kwafin kabon da ya dushe, ga gajerce-gajercen soja birjik. Wanda bai iya Sifaniyanci ba zai sha wuya, domin kundin bayani da alamomi da fom duk da shi suke, wasu takardun kuma da harshen Catalonia. Manhajar fassara tana taimakawa da bugun tafireta mai tsabta, amma rubutun hannu da kabon suna rikita ta. A rubuta imel tun kafin tafiya, a faɗi lambobin da ake so da ranar zuwa, a kuma duba lokutan aiki a shafinsu domin suna sauyawa da bazara da ranakun bukukuwa.

Wanda ke nesa yana iya yin komai ta wasiƙa. A aika cikakken suna da bayanan da aka ambata, ko lambar PARES in an samu. Idan akwai takarda, za a aiko da lissafin kuɗin kwafi, a biya, sannan a turo hotunan. Bukatun iyalai sun ƙaru sosai tun dokokin 2007 da 2022 na tunawa da waɗanda yaƙin da mulkin Franco suka shafa, don haka a shirya jiran makonni, kuma a haɗa dukkan tambaya a wasiƙa ɗaya maimakon aikawa gutsure-gutsure. Dokar 1985 ta kayyade bayanan sirrin mutum zuwa shekara 25 bayan mutuwarsa ko 50 daga ranar takarda, wanda ke nufin takardun yaƙin kansu a buɗe suke.

Baje kolin da ke ƙasan ginin kyauta ne, minti arba'in ya ishe shi. Abin da ya fi jan mutane shi ne ɗakin taron Freemason da mutanen Ulibarri suka haɗa da kayan da suka kwace, da gumaka sanye da baƙaƙen huluna masu rufe fuska da ƙoƙon kai, domin tsoratarwa. Yana koyar da abu mai yawa game da tunanin waɗanda suka haɗa shi, kusan ba komai game da sojan dole ko matar da ke layin burodi. A ganinmu nan ne raunin hidimar: dukiyar wurin tana cikin kwali, kuma ɗan yawon buɗe ido da ya tsaya a baje koli zai fita bai san da ita ba.

Salamanca tana da nisan kimanin kilomita 200 daga Madrid. Jirgin ƙasa mai sauri daga tashar Chamartín bai kai awa biyu ba, mai tsaye-tsaye kuma yana bi ta Ávila, wanda ya dace da mai son haɗa ma'ajiyoyin biyu a tafiya ɗaya. Daga dandalin Plaza Mayor zuwa titin Gibraltar tafiyar ƙafa ce ta kusan minti goma. Mai fasfon Najeriya ko Nijar yana bukatar bizar Schengen, kuma amsar imel daga cibiyar mai tabbatar da ranar zuwa da kwalayen da aka nema takarda ce mai amfani a haɗa cikin fom ɗin neman bizar.